Ni da Kawu a Kan Tafkin Okicobi

Kawuna ya zo Amurka ne neman maganin ido. Yanar ido ta rufe masa na dama gaba ɗaya, na hagun ma ta fara ci, shi ya sa dangi suka haɗa hannu aka turo shi wurina a Olando, jihar Filorida, inda nake aiki shekara shida ke nan. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Sai dai likita ya gindaya masa sharuɗɗa: kada ruwa ya taɓa idon, kada ƙura, kada ya sunkuya ya ɗauki abu mai nauyi har sai an sallame shi. Ga mutumin da tun yana ɗan shekara bakwai yake cikin kwalekwale a Yauri, wannan ɗauri ne ba igiya. Sati biyar ya yi a ɗakina na hawa na uku, daga kan sallaya sai bakin taga. Abinci ma ya rage ci. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da shi tsaye yana kallon ɗan kududdufin da aka haƙa a bayan gidajenmu don tara ruwan sama. Ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Ɗan nan, akwai kifi a ruwan can. Tun hantsi nake ganin motsinsa."

A ranar na ƙudurta cewa ba zai koma gida ba sai na kai shi ruwa na gaske.

Wani abokin aikina, Bature, wanda ba shi da hira sai ta kamun kifi, shi ya ba ni shawarar Tafkin Okicobi, ya kuma ce in ɗauki jagora. Wannan sana'a ce da ba mu da irinta a gida. Mutum ne mai jirginsa, da sandunan fatsarsa, da sanin ruwansa. Kai kuma sai ka biya shi kuɗin rabin yini ko yini guda, ya ɗauke ka ya kai ka inda kifi yake, ya nuna maka yadda za ka yi, ya dawo da kai gaɓa. Kuɗin ba na wasa ba ne, ɗaruruwan daloli ne, ban da kuɗin 'yan kifayen da ake saƙala wa ƙugiya, waɗanda ake sayarwa dozin-dozin. Na yanka mana lasisin kamun kifi ta waya, domin a Filorida ba ka jefa ƙugiya haka kawai, akwai hukumar kula da kifi da namun daji ta jiha, kuma jami'anta suna yawo a ruwa suna dubawa. Kifin da ake zuwa dominsa kuwa sunansa bas, wanda ake ce wa mai faɗin baki. Shi ne sarkin kifin ruwan daɗi a wurin Amurkawa, ba don girma ba, don faɗa.

Cikin watan Fabrairu muka tafi, bayan la'asar ranar Juma'a. Hanya mai lamba 27 muka bi, wadda ta ratsa tsakiyar jihar ta yi kudu, tafiyar kusan awa uku. Da farko gonakin lemo ne a kan 'yan tuddai, sai makiyaya ta shanu, fili fetal har iyakar gani. Kawu ya yi ta ƙirga shanu da sabon idonsa yana mamakin yadda ba makiyayi a bayansu. Da muka wuce garin Moore Haven sai ƙasa ta rikiɗe ta zama baƙa wuluk, rake ya tsaya dama da hagu kamar bango. Lokacin yankan rake ne, kuma a nan sai an banka wa gona wuta ganyen ya ƙone kafin injin ya shiga, don haka can nesa hayaƙi ke tashi sama, ƙurar toka tana sauka a gilashin mota. Muka isa Clewiston da magariba, garin da sukari ya gina, muka sauka a wani ƙaramin masauki da motocin da ke harabarsa kusan duka suna jaye da jirgi a baya.

Abin da ya fara ɗaure wa Kawu kai shi ne, an ce masa garin a bakin tafki yake, amma bai ga ruwa ba. Ba kuwa za ka gan shi ba. Ganuwar ƙasa ce ta kewaye tafkin, tsayinta kusan mita tara, tsawonta kilomita 230, ana kiranta da sunan Shugaba Herbert Hoover. Sai da muka taka muka hau kanta, hasken rana na ƙarshe yana gushewa, sannan ruwan ya bayyana: ciyayi, da hanyoyin ruwa a tsakaninsu, can baya kuma fari fat ba gaɓa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,900, ya fi Tafkin Kainji da Kawu ya sani nesa ba kusa ba, amma matsakaicin zurfinsa bai kai mita uku ba. Faranti ne, ba ƙwarya ba. Sunan ma daga harshen Hiciti ya fito, ɗaya daga harsunan 'yan asalin ƙasar, ma'anarsa babban ruwa.

Na ba shi labarin abin da ya sa aka yi ganuwar. A watan Satumba na 1928 wata guguwa ta taso daga teku ta ture ruwan tafkin ya tsallake 'yar shingen laka da ke kudancinsa cikin dare, ya shafe garuruwa irin su Belle Glade da Pahokee. Mutum aƙalla 2,500 suka mutu, akasarinsu baƙar fata 'yan ƙwadagon gona, da yawa ba a ma san sunayensu ba, a manyan ramuka aka tura su. Shekara biyu kafin nan, 1926, wata guguwar ta riga ta cinye Moore Haven da muka ratso. Kawu ya daɗe shiru. Sannan ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a a hankali, ya shafa. Da muke saukowa ya ce shi ma ya ga ruwa ya ci gari, amma nasu da sanarwa ya zo. Yana yaro aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau ya rufe tsibirai da gonakin fadama, aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a tudu. Ya ce har yau in ya bi ta wani wuri da kwalekwale ya san a ƙarƙashinsa akwai tsamiyar da suke wasa a gindinta.

Da asuba muka yi salla a ɗaki, muka sha shayi, muka fita. Sanyi ne irin na tsakiyar hunturu, har da hazo kwance a kan ruwa. Jagoranmu yana jiranmu a mashaya, ana ce masa Kyaftin kamar yadda ake kiran duk masu wannan sana'a. Dattijo ne jajur, rana ta gasa masa wuya da bayan hannu, ba shi da yawan magana. Na gabatar da Kawu, na ce masa masunci ne daga Kogin Kwara a Nijeriya, ba ya jin Turanci, ni ne tafinta. Kyaftin ya miƙa masa hannu, ya riƙe hannun ya juya shi ya dubi kantar da ke tafin, ya gyaɗa kai. Ya ce in gaya masa mahaifinsa ma da su ya ci abinci a tafkin nan, doguwar igiya yake shimfiɗawa mai ɗaruruwan ƙugiyoyi yana kama tarwaɗa ana kaiwa kasuwa. Da na fassara, fuskar Kawu ta washe. "Mamari ke nan," in ji shi. "Ashe ɗan gida ne."

Jirgin sai wanda ya gani. Tsawonsa wajen mita shida da rabi, shimfiɗaɗɗe, an lulluɓe dandamalinsa da kafet, injin da ke bayansa mai ƙarfin doki 250. A goshinsa akwai wani ƙaramin injin mai aiki da batir, da ƙafa ake sarrafa shi, ba ya ƙara, da shi ake sanɗa a cikin ciyawa. A baya akwai sanduna biyu da ake danna maɓalli su sauka su caki laka su tsayar da jirgi cak, aikin da gwangwala take yi mana a gida. Ga allon na'ura mai nuna zurfi da abin da ke ƙasan ruwa, ga akwati mai ruwa da iska inda ake ajiye kifi da ransa. Kyaftin ya ba mu rigunan ruwa, ya ba Kawu wani baƙin tabarau ya ce kada ya cire, saboda iska da kuma ƙugiya.

Muka bi ta ƙofar da aka yanka a jikin ganuwa, muka shiga tafki, ya taka wuta. Gudun da jirgin nan yake yi, na mota ne a kan kwalta. Iska ta riƙa yankar fuska, hawaye na fita ta gefen ido, na juya don in ga ko Kawu ya tsorata, sai na gan shi zaune daram, hannu ɗaya a kan hula, yana bin ruwa da kallo dama da hagu. Bayan kamar minti ashirin muka rage gudu muka kutsa wata siririyar hanya cikin ciyawa, injin ya mutu, duniya ta yi tsit. Daga nan sai kukan tsuntsaye. Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, balbelu jere a kan kara, wani shaho mai cin kifi yana shawagi a sama. Kawu ya miƙa hannu ya tsamo wani ganye da ke yawo a kan ruwa, ya juya shi, ya yi dariya. "Kainuwa! Dashen Allah, har nan kika zo?" Ita ce kuwa, ba wata ba. Can gefe ga kacala tsaye, irin wadda ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru. Kyaftin ya nuna mana wani abu kamar guntun icce a bakin ciyawa, ashe kada ne, ido da hanci kawai a waje. Kawu ya ce tun ɗazu ya gan shi, akwai ma wani a bayansa.

Da 'yan kifaye masu rai muka fara. Kowanne tsawon tafin hannu, jikinsa na ƙyalli kamar zinariya. Kyaftin ya huda ɗaya ta leɓe, ya ɗaura ɗan toto a sama da shi, ya wulla daidai bakin ciyawa, ya miƙa wa Kawu sanda. Ya ce in gaya masa: in toto ya fara rawa, ɗan kifin ne ya ga abin tsoro; in ya nutse, kada ya fizga nan take, ya bari ya tafi da shi, ya naɗe zaren har ya miƙe, sannan ya daka da ƙarfinsa duka. Kawu bai taɓa riƙe sanda mai abin naɗe zare ba. Hannunsa ya saba jin kifi kai tsaye a jikin igiya. Na farko ya kuɓuce masa, na biyu ma haka. A na uku sai na ga ya ɗora ɗan yatsansa a kan zaren, ya rufe ido, ya yi shiru. Toto ya nutse. Ya ƙirga a ransa, ya daka. Sanda ta lanƙwashe kamar baka, ruwa ya dare, wani koren kifi ya yi tsalle sama yana kaɗa kai, baki buɗe kamar kwano.

Wannan tsallen shi ake biya. Yanzu na gane.

Kyaftin ya sunkuya ya cafke shi ta leɓen ƙasa da babban yatsa, ya ɗago shi. Kore-kore ne a baya, fari a ciki, da baƙin zane daga kunne har wutsiya. Muƙamuƙinsa na sama ya wuce bayan ido, abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa ke nan. Ba shi da haƙora masu cizo, sai wani kaushi kamar magogi, wanda kan kankare wa mutum yatsa in ya yini yana kamawa. Bai fi kilo ɗaya da rabi ba. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce ƙanin giwan ruwa ne, sai dai uwa ba ɗaya ba. Aka ɗauki hoto. Sai Kyaftin ya zare ƙugiya, ya sunkuya, ya mayar da kifin cikin ruwa, ya sake shi.

Ban taɓa ganin Kawu ya ɓata rai irin na lokacin ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye sandar a hankali ya ce, "Tambaye shi, laifin me kifin ya yi aka huda masa baki, in ba ci za a yi ba?"

Na yi jinkiri kafin in fassara, domin na san tambayar ba ta fushi ba ce kawai. Mu an rene mu a kan cewa ran dabba ba abin wasa ba ne, ka kama don ka ci ko ka sayar ka ci da iyali, in ba haka ba ka ƙyale ta. Ni kaina, duk da shekarun da na yi a nan, abin bai kwanta mini ba, kuma har yau bai gama kwanciya ba. Na fassara dai yadda ya faɗa. Kyaftin bai yi gardama ba. Ya zauna a kujerarsa ya ce doka ba ta hana ci ba: kowane mutum yana iya tafiya da bas biyar a rana, amma ɗaya tak daga ciki ne zai kai inci 16 ko ya wuce, wato wajen santimita 40. Ya ce in Kawu yana son na miya, za a riƙe masa ƙanana. Manya ne yake roƙo a saki. Ya ce kifin da ya kai kilo uku ko huɗu ya shekara da yawa kafin ya kai haka, kuma kusan duk mata ne, mazan ba sa girma sosai. In ya kashe ɗaya yau ya ci sau ɗaya. In ya sake ta, za ta yi ƙwai bana, wani baƙon kuma zai zo daga wata jihar mai ƙanƙara ya biya shi don ya kama ta baɗi. Ya ce mahaifinsa kifi yake sayarwa, shi kuwa sanin inda kifi yake shi yake sayarwa, kuma ba ya sayuwa in kifin ya ƙare.

Wannan ɗabi'a ta saki ba tsohuwa ba ce a Amurka. Har farkon shekarun 1970 masu gasar kamun bas tsibi suke yi da matattun kifaye a gaban ma'auni. Ray Scott, wanda ya kafa babbar ƙungiyar masu kamun bas a 1968, shi ya fara tilasta a kawo kifi da ransa a gasarsa tun 1972, daga nan akwatin ruwa mai iska ya zama dole a kowane jirgi. Jihar Filorida kuma tun 2012 take da wani shiri na ba da lada ga duk wanda ya kama bas mai nauyin fam takwas zuwa sama, wato kilo 3.6, ya ɗauki hotonsa a kan ma'auni, ya sake shi. Na gaya wa Kawu duk wannan. Ya saurara, bai ce ya yarda ba. Ya ce a riƙe masa biyu ƙanana, ya ɗauki sandarsa.

Da rana ta ɗaga, hazo ya washe, Kyaftin ya ce zai nuna mana wani abu. Ya taka ƙaramin injin muka sulala cikin wani fili mai ruwa iya cinya, garai-garai, ƙasa yashi ne da 'yar ciyawa siririya. Ya ce Kawu ya miƙe tsaye ya duba ta cikin tabarau. Irin tabaran nan ne da ke kashe ƙyallin rana a kan ruwa. Kawu ya miƙe, ya duba, sai na ji ya ce, "La ilaha illallahu." A ƙasan ruwa ga wasu fararen da'irori kamar faifai, nan ɗaya, can ɗaya, a kan kowanne kifi tsaye yana kaɗa fiffike. Sheƙa ce. Namiji ne yake share yashi da wutsiya ya yi gurbi, mace ta zo ta zuba ƙwai ta tafi, shi ya tsaya gadi, ba ya ko cin abinci sosai, har su ƙyanƙyashe su zama baƙin gungu a kusa da shi. A nan kudu, saboda ɗumi, tun Disamba suke farawa har Afrilu, musamman in wata ya cika. Kawu ya san wannan aiki, haka karfasa take haƙa gurbi a yashin gaɓa. Amma ya ce shekara goma rabon da ya ga ƙasan ruwa da idonsa. Ya riƙa nuna mini da yatsa: ga wancan ya kori ɗan kifi, ga wancan ya dawo, dubi wancan wutsiyarsa ta yi ja saboda shara. Muryarsa tana rawa. Kyaftin ya ga haka, ya sauke sandunan baya, ya tsayar da jirgi, ya bar mu. Mun fi minti ashirin a wurin ba wanda ya jefa ƙugiya, kuma a kuɗin yinin nan duka babu abin da ya fi wannan daraja a wurina.

Bayan nan ya gwada koya mini kamu da abin roba, wata tana ta ƙarya da ake ɗaura wa dalma mai nauyi a jefa ta huda tabarmar ciyawa ta faɗa ƙasa inda manya ke fakewa. Aiki ne na haƙuri da saiti. Na samu biyu matsakaita, hannuna ya gaji, na koma kan mai rai.

Muka ci guzuri wajen azahar, muka yi salla a dandamalin jirgi ɗaya bayan ɗaya, Kyaftin ya juya mana goshin jirgin ya fuskanci alƙibla da na nuna masa a waya. A nan hira ta yi tsawo, domin Kawu ya tambaye shi ko kifi ya ragu. Ya ce tafkin ba shi da lafiya. Ruwansa daga arewa yake zuwa ta Kogin Kissimmee, wanda a da yake lanƙwasa yana ratsa fadama tana tace shi, aka zo tsakanin 1962 da 1971 aka miƙar da shi ya zama magudana, sai daga baya aka gane ɓarna aka yi ta kashe kuɗi ana mayar da wani sashe yadda yake. Shekara da shekaru takin gona da kashin shanu suna gangarowa suna kwanciya a laka. In zafi ya yi sai gansakuka mai guba ta rufe ruwa kore shar, kamar yadda ta yi a 2016 da 2018 har gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci. Guguwar 2017 kuma ta dama lakar, ruwa ya yi duhu, ciyawar ƙasa ta rasa haske ta mutu. In aka riƙe ruwa ya yi yawa a cikin ganuwa, haka ma. Ya nuna mana wani fili fayau ya ce yana saurayi ba ka iya ratsa shi don ciyawa, kuma inda ba ciyawa ba bas. Kawu ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya ce tasu cutar daban ce: taru mai ido ƙanana kamar gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifi da ba su kai yatsa ba. Ya ce da can Sarkin Ruwa yana hana shiga wasu gurabe sai lokaci ya yi, kamar yadda ake tsare Matan Fada a Argungu sai ranar biki, kuma ba mai tsallake maganarsa. Na yi ta juya maganar daga wannan harshe zuwa wancan har maƙogwarona ya bushe.

Saura kamar awa ɗaya mu tashi, iska ta ɗan taso daga kudu, muka tsaya a bakin wani gungun kara. Toton Kawu ya yi rawa, ya tsaya, sannan ya nutse a hankali, ba da gaggawa ba. Kyaftin ya miƙe tsaye. Kawu ya bari zare ya tafi, ya naɗe, ya daka, sai sandar ta tsaya cak kamar ta kama kututture. Sannan kututturen ya motsa. Ta nufi cikin kara, Kyaftin yana ihu a hana ta shiga, ni na ma manta da fassara, Kawu kuwa bai buƙace ta ba. Ya karkatar da sanda gefe, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya juyo da kanta waje. Ta yi ƙoƙarin tsalle, nauyi ya hana ta, kai kawai ta fitar ta girgiza. Da ta zo gefen jirgi Kyaftin ya sa hannu biyu, ɗaya a leɓe ɗaya a ƙarƙashin ciki, domin in ka rataye babba ta baki kawai kana iya karya mata muƙamuƙi. Ma'auni ya nuna fam bakwai da 'yan kai, kilo uku da wani abu. Ga wanda ya saba ganin giwan ruwa mai kilo hamsin wannan ba komai ba ne, amma a duniyar bas babba ce. Mafi girma da aka taɓa tabbatarwa kilo goma ne da ɗigo, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 Manabu Kurita ya kamo daidai da shi a Tafkin Biwa na Japan.

Kyaftin ya miƙa wa Kawu ita. Doka ta ba shi damar tafiya da ita, ɗayan nan da aka yarda, kuma Kyaftin bai ce uffan ba. Kawu ya ɗora ta a hannuwansa, ya shafa cikinta da babban yatsa, ya ji yadda ya cika tim. "Ƙwai ne," in ji shi. "Yau ko gobe." Ya durƙusa a gefen jirgi, ya tsoma ta cikin ruwa yana riƙe da wutsiya, ya jira har ta dawo hayyacinta, ya ce bismillahi, ya buɗe hannu. Ta ɗan tsaya, ta kaɗa sau ɗaya, ta ɓace cikin kara. Ya wanke hannu ya ce mini, "Ko a gida ba na cin mai ciki in na gane. Wannan ba koyarwar Bature ba ce." Ban fassara wannan ba, Kyaftin bai kuma tambaya ba.

Da muka dawo gaɓa ya gyara mana biyun nan ƙanana ya sa a ƙanƙara. Suka yi sallama da Kawu hannu cikin hannu, kowa yana magana da harshensa. Kawu ya cire tabarau zai mayar, Kyaftin ya tura masa hannu ya ce ya tafi da shi Kwara.

Ba mu kama hanya nan take ba. Kawu ya ce mu ƙara hawa ganuwa. A bakin magudanar da ke gindinta muka tarar da wasu masu kamun kifin da ba su da jirgi ba su da jagora: tsofaffi baƙar fata zaune a kan bokiti da doguwar gora, mata da yara, wasu suna magana da Sifaniyanci. Waɗannan na tukunya suke nema. Wani saurayi yana ta jefa birgi, tana faɗawa a dunƙule, ba ta buɗewa. Kawu ya tsaya yana kallonsa, hannunsa yana motsi shi kaɗai. Ya ce, "Ɗan nan, roƙar mini shi aron komarsa."

Na ce, "Kawu, idonku fa."

"An sallame ni."

Saurayin ya miƙa masa. Kawu ya naɗe hannun riga, ya ɗaura igiya a wuyan hannu, ya tattara birgin ninki-ninki, ya ɗora wani sashe a kafaɗa, ya tsaya yana duban ruwa ta cikin baƙin tabaransa. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya murɗa ƙugu ya saki. Ta buɗe a sama zagaye kamar faifai, ta sauka a kan ruwa gaba ɗaya da ƙara guda. Wata tsohuwa da ke kan bokiti ta tafa hannu. Da ya jawo, kifi huɗu ne a ciki suna fal-fal, faffaɗa, masu ja a bakin wutsiya. Ya ɗaga ɗaya ya dube shi da kyau, ya juyo gare ni.

"Karfasa ce. Tamu ce ta gida. Wa ya kawo ta nan?"

Na ce masa daga Afirka aka kawo ta tun shekarun baya, ta kuɓuce ta bazu a ruwayen jihar, kuma ita ba wanda zai ce ka sake ta. Ya zuba wa saurayin duka huɗun a bokiti, ya kama hannunsa ya ɗora a kan igiya, ya fara nuna masa yadda ake ninkawa.